Anti Tafireta da Kwarashinta

Shekara ashirin da shida ta yi tana buga takardu a hawa na biyu na wani kamfanin sayar da kayan gini, har sunanta na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Anti Tafireta kowa ke ce mata, daga maigadi har manaja. Teburinta na jikin taga, da keken rubutu ruwan toka a kai, da kwalin takardar kabon, da wata 'yar kwalbar farin ruwan goge kuskure da ta bushe don rashin amfani. Tana iya buga wasiƙa idonta na kan titi, tana kallon masu lodin siminti, ta kuma gaya maka wanda ya fi ragwanci a cikinsu.

Mijinta direban babbar mota ne, na dogon zango. A wata bai fi ya kwana huɗu ko biyar a gida ba. Kusan ita kaɗai ta yi renon 'ya'yansu uku, maza biyu da Auta. Direba take ce masa kamar yadda kowa ke faɗa, shi kuma tun suna sabon aure yake tsokanarta da Sakatare, sunan ya bi ta. Zamansu lafiya lau, domin kafin su gaji da juna ya riga ya ɗauki jakarsa.

A shekarar da ta cika hamsin da biyu ne abubuwa suka taso mata a jere, ba ta gama gane ɗaya ba wani ya shigo.

Kwamfuta ta daɗe da shiga ofishin amma ba ta taɓa Anti ba, saboda tsohon manaja bai yarda da abin da ba ya jin ƙararsa ba. Ya fi son ya tsaya a kanta, hannu a baya, yana faɗa tana bugawa. Da ya yi ritaya aka kawo wani matashi, sa'an babban ɗanta, mai yawan murmushi da yawan ba da haƙuri. Sati biyu da zuwansa aka miƙo mata takarda, wadda ba ita ta buga ba, ga kuma kuskure biyu tun a layin farko. An mayar da ita sashen ajiyar takardu da ke ƙasa.

Ta sauka da takardar a hannu. Shugaban sashen, wani dogo da ake kira Mai Makulli saboda tarin makullan da ke rataye a ƙugunsa, ya duba gaban takardar, ya juya bayanta.

“Ni dai ba wanda ya gaya mini, Anti. Kuma kin ga mu uku ne a nan, kujera biyu.”

Ta koma sama. Kafin ta je ta dawo har an ɗora wata ƙatuwar na'ura a kan teburinta, an sauke kekenta ƙasa, an jingine jakarta a jikinsa. Ta ƙwanƙwasa ƙofar sabon oga.

“Mama, ki yi haƙuri,” ya ce, ya miƙe tsaye don girmamawa. “Ana kan tsara abin ne.”

“To Yallaɓai, kafin a gama tsarawa, a ina zan riƙa zama?”

Ya waiwaya dama da hagu kamar amsar na rataye a bango. Daga ƙarshe aka buɗe mata ɗan ɗakin ƙarƙashin bene, inda ake tara matattun fankoki da tsintsiyoyi da bokitai, aka kai mata kujera da kekenta. Kullum ƙarfe takwas za ta sa hannu a rajista, ta shiga ɗakin ta zauna har ƙarfe huɗu. Ba wanda ya ce ta tafi, ba wanda ya kawo mata aiki. Yatsunta kuwa ba su san an yi canji ba. Sai ta tsinci kanta tana buga gwiwarta da su, tana rubuta wasiƙun da ba wanda ya faɗa mata.

Ba ita kaɗai ce a ɗakin ba. Mai sharar ofis, wata gajera mai faɗi da ake kira Bahaguwa, nan take hutawa in ta gama aikin safe. Za ta kife bokiti ta miƙe ƙafa a kai, ta zaro saƙa daga cikin leda. Kwana uku tana kallon Anti ta wutsiyar ido, a na huɗu ta gaji.

“Anti, wannan ƙwanƙwasa gwiwar taki za ta sa mini ciwon kai. Ungo.”

Ta miƙa mata kwarashi, ɗan siririn ƙarfe mai lanƙwasa a baki kamar ƙugiya, da ragowar curin zare shuɗi.

Matsalar ita ce Bahaguwa da hagu take komai, ga ta ba ta iya bayani ba.

“Zauna a gabana ki kwaikwaye ni, kamar kina kallon madubi. Ki naɗo zaren ta dama.”

“Damar wa?”

“Taki. A'a, tawa. Ke dai kalli hannuna.”

Kwana uku Anti ba abin da take yi sai sarƙa, wato layin farko da ake ɗora sauran a kai, har ta yi mai tsawon da za a shanya wanki. Sannan aka shiga hawa layi bisa layi. Kowane ɗan rami da kwarashi ke shiga, ido Bahaguwa ke ce masa. Anti ta fara da ido talatin, ta kai layi na goma ta ƙirga, ashirin da biyu. Ta sake ƙirgawa, ashirin da biyu. Ta duba cinyarta, ta duba ƙasa, kamar sauran takwas ɗin sun zube ne. Abin da aka yi niyyar ya zama shimfiɗar tebur ya fito sama a tsuke, ƙasa a buɗe.

“Ki ce siket ɗin 'yar tsana kika yi,” in ji Bahaguwa. “Wa zai musa?”

Abin da ya fi ɗaure wa Anti kai ba idon da suka ɓata ba ne. Ita ce fa matar da ta shekara ashirin da shida ba a dawo mata da takarda ba. Yanzu ga ta ta wuni tana tafka kuskure, tana warwarewa, tana sakewa, amma da safe har sauri take ta isa ofis. Ta rasa gane ko daɗi take ji, ko dai zaman banza ne ya fara taɓa mata kai.

A cikin watan ne Auta ta sami makarantar koyon aikin jinya a wani gari, ta tattara ta tafi. Mazan sun riga sun yi gaba, babban da matarsa, mai bi masa da aikinsa. Gida ya yi wa Anti faɗi. Ta fara koyon girki na baki ɗaya ke nan, tana dafawa yana yawa tana ba maƙwabta, sai ga Direba ranar wata Laraba da ba ranar dawowarsa ba, a motar wani, yana tafiya a karkace. Likita ya duba ƙashin bayansa ya ce shi da doguwar tafiya sun yi sallama. Ya shigo da jakarsa, da filas ɗinsa na shayi, da wani ƙaton damin igiya da yake ɗaure tamfol da ita, wadda ya ce ko za a yi yaya ba zai bar wa yaran mota ba.

Ta yi masa sannu, ta kawo ruwa, ta yi tambayar da ta saba yi shekara talatin.

“Kwana nawa za ka yi?”

“Sakatare, ai na dawo ke nan.”

Ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Ta shiga kicin ta tsaya a tsakiya, ta manta abin da ya kawo ta.

Sai a lokacin ta gane ba ta san mutumin ba kamar yadda take zato. Bai san inda ake ajiye cokali ba a gidan da ya gina. Wata rana ta dawo daga ofis ta tarar ya gyara mata kicin yadda ake loda mota, masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, ta yi sati tana neman gishiri. A sati na uku ya ture farantinsa a hankali ya ce shi fa ba ya son albasa.

“Shekara talatin ina zuba maka albasa, Direba.”

“Da ai kwana huɗu ne. Ana iya daurewa.”

Ga surutu. Mutumin da ya saba da yaran mota da 'yan tasha ya wayi gari ba shi da mai sauraro sai ita. Da yamma za ta zauna a falo da saƙarta, leɓenta na motsi.

“Goma sha bakwai, goma sha takwas…”

“Na taɓa ba ki labarin ranar da taya huɗu suka fashe mini a kan gada?”

“Huɗu, biyar…” Sai ta tsaya, ta kalli saƙar, ta kalle shi. Ta koma farkon layi.

Ba ta iya yi masa faɗa, mutum da ciwo. Ba ta kuma iya cewa tana murna da zamansa, ko ba ta murna. In ya fita shan iska sai ta sauke ajiyar zuciya, in ya wuce rabin awa sai ta fara leƙen ƙofa.

Ana cikin haka babban ɗanta ya bugo waya ya ce matarsa na da juna biyu. Washegari Anti ta biya kasuwa ta sayo zare fari da kore mai taushi, ta ce bargon jariri za ta yi. Bahaguwa ta ce ta bari hannunta ya ƙara faɗawa, ta ce ai jaririn ba zai jira ba. Sau uku tana kai bargon rabi tana warwarewa, kullum gefensa na shigewa ciki kamar ana cinsa.

Wata yamma Direba na zaune kusa da ita, ta rataya masa zaren da ta warware a hannu biyu tana naɗewa. Da suka gama ta ɗauki kwarashi. Ya yi shiru, abin da bai saba ba, ya zuba wa hannunta ido. Ta kai ƙarshen layi za ta juya, ya ce, “Tsaya. Kin tsallake ɗaya.”

“Ɗaya me?”

“Duk sanda kika zo kwana sai ki yanke. Ga wani rami nan a ƙarshe, ba kya shiga.”

Ta ɗaga saƙar saitin taga. Ga shi kuwa, ɗan ido a maƙale a gefe, ya ɓuya. Abin da Bahaguwa ta yi wata uku tana nunawa da hannu ta kasa faɗa da baki.

“Kai a ina ka sani?”

“Ƙulli ne fa. Me nake yi shekara talatin in ba ɗaure kaya ba?”

Ta yi masa godiya. Daga ranar gefen bargon ya miƙe sambal. Amma wani abu ya tsaya mata a rai, ta rasa sunan da za ta sa masa.

An haifi 'ya mace. Anti ta aika da bargon, ta jira hutu, wata biyu da haihuwa ta je ganin jikarta. Tana shiga falon ɗanta idonta ya sauka a kan bargon. An shimfiɗa shi a kan talabijin, gefe da gefe daidai, an ɗora masa 'yar kwalbar furen roba. Jaririyar kuwa na naɗe cikin tawul ɗin kanti.

Surukarta ta ga inda take kallo, ta yi murmushi.

“Mama, ya yi kyau da yawa. Ba na son ta ɓata shi da tumbuɗi. A nan duk wanda ya shigo sai ya gani, sai ya tambaya.”

“Haka ne,” in ji Anti.

Kwana biyar ta yi a gidan, ta goya jikarta, ta yi mata wanka, kullum tana satar kallon talabijin. A mota tana dawowa ta yanke cewa raini ne, yarinyar nan ba ta son kayan hannu. Kafin su yi rabin hanya ta tuna yadda surukar ke kakkaɓe bargon kowace safiya, ta ce a'a, girmamawa ce. Da ta sauka a tasha ta sake komawa kan raini. Direba ya tambaye ta yaya suka karɓi bargon, ta ce, “Yarinyar dai hancinka ta ɗauko, Allah ya kyauta,” ta wuce ɗaki.

Sai da ta fito ta lura da kujerar. Tsohuwar kujerar falo da mazauninta ya yage, wadda suka daɗe suna rufewa da zane, ta sami sabuwar riga. Saƙa ce, mai kauri, layi a kan layi kamar an ja da ma'auni. Ta shafa. Igiyar tamfol ce, an warware ta sili-sili. A kan tebur ga wata ƙatuwar wayar ƙarfe an lanƙwasa bakinta kamar kwarashi, an goge da fayil irin na maƙera.

“Zaman ne ya yi mini yawa,” Direba ya faɗa yana sosa ƙeya. “Amma don Allah kada ki gaya wa kowa. In 'yan tasha suka ji, na shiga uku.”

A kwana biyar ya yi ta. Ita bargonta wata huɗu.

Washegari matar tela, maƙwabciyarsu, ta shigo aron turmi. Ta ga kujerar ta riƙe haɓa.

“Anti, hannunki ya faɗa. Wannan ai ko a kanti sai haka. Waɗancan na kan tebur su ne na koyo ko?”

Waɗancan 'yan shimfiɗun na kan tebur a satin da ya wuce Anti ta gama su. Direba ya ƙara wa rediyo murya. Anti ta ce, “A hankali dai ake yi.”

Kafin sati labarin kujerar ya zaga layin. Mata na shigowa su gani, su yaba mata, tana amsa yabon abin da ba ita ta yi ba, mai abin na gefe yana tari. Haushi take ji, ta rasa wanda za ta ji haushinsa. Ba laifin da ya yi. Shi ya gyara mata kuskure, shi ya bar mata yabo. Amma wannan saƙar ita kaɗai ce abin da ta tsinta da kanta a shekarar da komai ke zamewa daga hannunta, sai ga shi ya shigo da igiyar mota ya wuce ta a kwana biyar.

Ta kasa riƙewa, ta gaya wa Bahaguwa a ɗakin ƙarƙashin bene. Bahaguwa ta yi dariya har kwarashinta ya faɗa bokiti.

“Wasu na kukan miji ba ya zama a gida, ke kina kukan naki ya iya saƙa.”

“Ni ba kuka nake ba.”

“To me kike?”

Anti ta sunkuya ta ciro mata kwarashin daga bokitin.

Ta daina saƙa a gida. Ledarta a ofis take barinta. Direba ya lura, ya ɗauki wayarsa mai lanƙwasa ya jefa a akwatin sifanoni. Yamma ta koma su biyu a falo, hannu huɗu a kan cinya, ba ƙirga, ba labarin gada. Sati biyu suka yi a haka, ta ga wannan ya fi wancan muni. Ran nan ta dawo da wata hular jariri da ta ƙi rufuwa a sama, ta ajiye masa a gwiwa ba tare da ta kalle shi ba.

“Duba mini inda na ɓata.”

Ya juya hular, ya sake juyawa. “Ba ki ɓata ba. Kin yi saurin rage gudu ne.” “Ni fa kala ce ban iya ba. Da ni ne, komai ruwan igiya zai fito.”

Ba ta san ko gaskiya yake faɗa ko lallashi ba ne. Ta karɓa a haka.

A ofis kuwa, wata na goma da zamanta a ƙarƙashin bene, aka tuna da ita. Aka sa sunanta cikin masu koyon kwamfuta na kwana uku, ita da sababbin ma'aikata. Ranar farko malamin ya ba su shafi guda su buga. Yaran na layi na biyu ta ɗaga hannu ta ce ta gama. Ya zo ya karanta daga sama har ƙasa yana neman kuskure, bai samu ba, ya dube ta kamar ta yi sata. Amma da aka zo kan linzamin nan da ake ja a kan tebur, sai lissafi ya kwance. Ta taɓa nan, shafin ya ɓace.

“Malam, ina takardata ta tafi?”

“Tana nan, Mama. Rufe ta kika yi.”

“Tana ina?”

“A ciki.”

Ta leƙa bayan akwatin kwamfutar, yaran suka ƙunshe dariya. Duk da haka ta daure, ta rubuta komai a ɗan littafi, mataki-mataki, ta karɓi takardar shaida. Ta kai wa oga.

“Madalla, Mama,” ya ce. “Yanzu abin zai zo da sauƙi. Ana kan tsarawa.”

Ta sauko ta cire wa kekenta ƙyallen da ta rufe shi da shi, ta zura takarda. Ta rubuta cikin ladabi cewa wata goma ke nan ba ta san matsayinta ba, tana roƙon a ba ta aikin yi, ko kuwa a sallame ta ta san inda ta dosa. Wannan rabin na ƙarshe don wasiƙar ta yi nauyi ta ƙara shi. Ta sha buga irinsa wa mutane, ta san ba a ɗaukarsa da gaske.

Kwana goma bayan nan Mai Makulli ya tare ta a bakin bene yana washe baki.

“Anti, ashe hutu za a tafi? Allah ya sa albarka. Wallahi kin yi dabara.”

Ta hau sama da niyyar ta warware zancen, sakataren oga ya ce ya yi tafiya, sai Juma'a. Ranar Juma'a ta shigo ta tarar an jera kujeru a babban ɗaki, ga lemo da biskit. Oga ya tashi ya yi jawabi mai daɗi, ya ce Mama da kanta ta nemi ta huta, su kuma ba su da bakin hana ta duk da ba su so. Aka miƙo mata agogon bango a cikin kwali. Aka ce ta yi magana.

Ta miƙe da maganar a bakinta: ba haka nake nufi ba. Ta ga maigadi ya baro ƙofa ya zo, ta ga masu lodin siminti biyu sun tsaya a baya da hulunansu a hannu, ta ga Bahaguwa na share ido da gefen ɗankwali. Sai ta ji kafaɗunta sun saki, kamar wadda aka sauke wa tulu daga ka, abin da ba ta yi tsammani ba ko kaɗan. Ta tsaya tana neman ɓacin ran da ta shigo da shi, ta nema ta rasa.

“Na gode,” ta ce. “Allah ya bar zumunci.”

A gida Direba ya kalli kwalin, ya kalle ta.

“Korar ki suka yi?”

“A'a.”

“Ke kika ajiye?”

“A'a.”

“To me ya faru?”

“Ga agogo dai.”

Har yau in aka tambaye ta yadda ta bar aiki, amsar na canzawa gwargwadon wanda ya yi tambayar.

Wata huɗu tana gida, ƙanwarta da ke wani gari mai nisa ta bugo ta ce za a yi mata aiki a gwiwa, tana neman wanda zai zauna da ita wata biyu. Anti ta haɗa jaka, rabi kaya rabi zare. Direba ya raka ta tasha yana dogara sanda, ya zagaya motar yana taɓa tayoyi, ya sa aka kwance kayan da ke sama aka sake ɗaurewa, ita tana ciki ta sunkuyar da kai kamar ba tare suke ba.

A asibiti zaman jira ya fi komai yawa. Ta zauna a bencin baranda tana saƙa, wata ma'aikaciyar jinya daga ɗakin haihuwa ta tsaya ta ce ko za ta yi musu huluna, akwai jariran da ake haifa ba su cika wata ba, sanyi na kama su. Kafin a sallami ƙanwarta ta yi goma sha ɗaya, babu biyu da suka zo daidai da juna. Ta miƙa su tana ba da haƙuri. Ma'aikaciyar ta ce ai jariran ma ba kansu ɗaya ba, ta kwashe duka, ta ce in da hali a ƙaro.

“Yaya, ki buɗe aji kawai ki riƙa koya wa mata,” ƙanwarta ta ce bayan sun koma gida, ƙafarta a kan matashi.

“Ni da ban iya ba?”

“To su waɗancan hulunan aljanu suka yi?”

Anti na shirin amsawa waya ta yi ƙara. Direba ne. Ya tambayi mai jiki, ya yi 'yan kewaye-kewaye, sannan ya ce wata makarantar koyon tuƙi ta neme shi, kwana uku a sati, ba tuƙi zai yi ba, dokokin hanya zai riƙa koyarwa a zaune. Ya ce bai ba su amsa ba, sai ya ji ta bakinta. Bai taɓa neman shawararta a kan aiki ba.

“Ka karɓa mana,” ta ce da sauri. “Ai ya fi zama.”

Ya ce to, ya kashe. Ta zauna da wayar a hannu. Ta hango falonsu ranar Litinin da Laraba da Juma'a, ita kaɗai, ba mai riƙe mata zare. Ta sake kiransa.

“Direba, na ce ba, ka ɗan dakata tukuna. Bayan naka…”

“Ai na fasa,” ya ce. “Na ji yadda kika amsa, kamar kina neman kai da ni.”

“To in don haka ne ka karɓa.”

“Yanzu fa kika ce in dakata.”

“Na ce ka dakata, ban ce ka fasa ba.”

“To wanne zan yi, Sakatare?”

Ta kalli ƙanwarta, wadda ta toshe baki da matashi kafaɗunta na rawa.

“Ka ce musu matarka ta yi tafiya,” in ji Anti. “Saura sati uku in dawo, ma zauna.”

“In sun ba wani fa?”

“In sun ba wani, sun ba wani. In ba su ba, ma gani.”

Ya yi gunaguni, ya ce a gaishe da mai jiki. Ƙanwarta ta share hawayen dariya ta miƙo hannu, ta ce a taimaka mata ta tashi, likita ya ce yau sai ta taka daga nan zuwa bakin ƙofa sau biyar. Anti ta soke kwarashin a curin zare, ta ajiye a kan kujera, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatar ƙanwar, suka fara takawa a hankali.